Ƙwayoyin halitta masu gyara ƙasar lambu da gona

Tun lokacin da farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya a shekarar 2022, sakamakon tsadar iskar gas da kuma yaƙin Rasha da Yukren, manoma da masu lambu a ƙasashe da dama suka shiga neman abin da zai rage musu dogaro da buhun yuriya da na kamfa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake tallata musu shi ne abin da ake kira taki mai rai, wanda ake sayarwa a kwalabe ko a 'yan ledoji, ana cewa yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gyara ƙasa da ƙara wa shuka ƙarfi.

Wasu daga cikin waɗannan kayayyaki suna da tarihin bincike na fiye da shekara ɗari. Wasu kuwa gwaje-gwaje sun nuna cewa ba sa ƙara wa manomi komai sai asarar kuɗi. Kafin a iya bambance su, sai an san waɗanne halittu ne ke cikin ƙasa, da aikin da kowanne yake yi, da kuma abin da yake ci.

Abin da ke cikin ƙasa

A bakin jama'a, duk wata halitta da ido ba ya gani sunanta ƙwayar cuta. To amma masu sa cuta ƙalilan ne a cikin wannan jinsi. Ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da madara kindirmo, su ne kuma ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, yayin da yis ɗin da ke kumbura burodi dangi ne na funfuna.

Masana ilmin ƙasa sun ƙiyasta cewa cikin cokalin shayi guda na ƙasa mai albarka ana iya samun ƙwayoyin bakteriya daga miliyan ɗari zuwa biliyan ɗaya, ban da zaruruwan funfuna masu tsawon mitoci da dama. Akasarinsu suna zaune ne a taki ɗaya na saman ƙasa, musamman a jikin saiwoyi, domin shuka tana zubar da wani kaso na sukarin da ganyenta ya haɗa ta cikin saiwa, su kuma su taru suna ci.

Ko wanda bai taɓa leƙa madubin likita ba ya san ƙamshinsu. Ƙamshin nan da ke tashi daga ƙasa idan aka yi ruwan farko na damina, wani sinadari ne da ake kira jiyosmin, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya na ƙasa masu suna Streptomyces ke fitarwa. Daga jikin wannan dangi ne aka samo maganin tarin fuka na farko da ya yi tasiri, a Jami'ar Rutgers ta Amurka a shekarar 1943.

Babban aikin akasarin waɗannan halittu shi ne ruɓar da abin da ya mutu. Kashin shanu ko busasshen ganye ba abinci ba ne ga shuka kai tsaye. Sai ƙwayoyin halitta sun cinye shi sun saki sinadaran da ke ciki sannan saiwa ta iya zuƙa. Suna kuma fitar da wani abu mai danƙo wanda, tare da zaruruwan funfuna, yake haɗa ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule-dunƙule. Wannan ne ke sa ƙasa ta yi laushi, ruwa ya shige ta ya zauna, maimakon ya kwanta a sama ko ya tsere.

Bayan waɗannan na gama-gari, akwai wasu ƙalilan da suka ƙulla wata hulɗa ta musamman da shuka, kuma a kansu ne akasarin cinikin taki mai rai ya ginu.

Masu kamo taki daga iska

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa sinadarin naitirojin ne, wato ainihin abin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Sai dai shuka ba ta iya amfani da shi a yadda yake a cikin iska. Masana'antun taki suna sarrafa shi ne ta hanyar da wasu Jamusawa biyu, Fritz Haber da Carl Bosch, suka samar tsakanin 1909 da 1913, wadda ke buƙatar zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa farashin yuriya ke bin farashin iskar gas duk inda ya nufa.

Wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira raizobiyam suna yin wannan aiki a cikin ƙasa ba tare da wuta ko inji ba. Suna shiga saiwar wake, da gyaɗa, da gujiya, da waken suya, sai saiwar ta gina musu 'yan ƙullutai kamar ƙwayar gero ko ta dawa. A ciki suke zama, shuka na ba su sukari, su kuma suna ba ta naitirojin. Itatuwa irin su gawo da bagaruwa ma 'yan wannan dangi ne na wake, abin da ke cikin dalilan da suka sa gero ya fi yin kyau a ƙarƙashin gawo.

Manoma sun san amfanin wake ga ƙasa tun kafin a san dalili. Haɗa gero da wake a kunya ɗaya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A shekarar 1886 ne wasu masana biyu na Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa sirrin yana cikin ƙullutan saiwa, kana bayan shekara biyu wani ɗan ƙasar Holand mai suna Martinus Beijerinck ya ware ƙwayar ya rene ta a ɗakin gwaji. Kafin ƙarshen wancan ƙarni an fara sayar da ita ga manoma a Jamus da sunan Nitragin.

Mai lambu na iya duba ko ƙwayoyin suna aiki a gonarsa. Idan shuka ta kusa fure, sai a haƙo guda biyu ko uku a hankali, a wanke saiwar, a tsaga ƙullutu da reza. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Jan kuwa wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Idan fari ne ko kore, to ko dai bai fara ba, ko ya daina. Ya kamata kuma a bambanta shi da kumburin da wasu tsutsotsin ƙasa ke jawowa a saiwar tumatir da kuɓewa, wanda cuta ne. Ƙullutun kirki a gefen saiwa yake maƙale, ana iya ɓalle shi da yatsa. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Dalilin da ya sa waken suya ya bambanta

Kowane irin wake yana da nau'in raizobiyam da yake karɓa. Wake da gyaɗa ba su da zaɓe sosai, kuma ƙasar Afirka ta Yamma cike take da nau'o'in da suka dace da su. Shi kuwa waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya, kuma abokan hulɗarsa ba su da yawa a gonar da ba a taɓa shuka shi ba.

Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa ta IITA da ke Ibadan ta tunkari matsalar ta fuska biyu. Da farko ta samar da irin waken suya mai lamba TGx, wanda ke karɓar ƙwayoyin da ke cikin ƙasar yankin. Daga baya kuma ta fara sarrafa wani baƙin gari mai suna NoduMax, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin da aka zaɓo, ana shafa wa iri kafin shuka.

An gwada wannan dabara a gonakin manoma a ƙarƙashin shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta Holand ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019 a ƙasashen Afirka 11, ciki har da Najeriya da Gana. Wani rahoto da aka wallafa a 2016 kan gonakin arewacin Najeriya ya nuna cewa shafa wa iri ƙwayoyin ya ƙara kimanin kilo 450 na waken suya a kowace hekta, takin sufa shi kaɗai ya ƙara kwatankwacin haka, haɗa su biyun kuwa ya ƙara kusan kilo 800. Idan aka yi la'akari da cewa abin da ake shafa wa irin hekta guda bai kai kilo ɗaya ba, da wuya a sami wani abu da manomin waken suya zai saya da ya fi wannan arha da riba.

To sai dai waɗannan alƙaluma matsakaici ne. A cikin rahoton akwai gonakin da amfaninsu ya ƙaru matuƙa, akwai kuma waɗanda ba su motsa ba, saboda ƙarancin ruwa, ko makarar shuka, ko ciyawa, ko kuma ƙasar da ta riga ta mutu murus. Darasi na biyu shi ne na sufa. Kamo naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi, kuma shukar da ke fama da ƙarancin sinadarin fosfaras ba ta iya ciyar da baƙinta. Ƙarancin wannan sinadari kuwa ruwan dare ne a ƙasashen savana da Sahel.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa manoma ba. Akasarin naitirojin ɗin da wake ya kamo yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye. Idan aka girbe wake aka kuma naɗe harawa aka ɗora a kan rufin ɗaki, abin da ya saura wa gona kaɗan ne, sai fa idan dabbobin da suka ci harawar an mayar da kashinsu gonar.

Misalin Birazil

Ƙasar da ta fi kowace cin gajiyar wannan ilmi ita ce Birazil. A shekarun 1960, lokacin da ƙasar ke shirin faɗaɗa noman waken suya, wata masaniya mai suna Johanna Döbereiner ta dage a kan cewa a zaɓi iri bisa yadda yake hulɗa da ƙwayoyin raizobiyam, a bar dogaro da takin naitirojin kamar yadda ake yi wa sauran amfanin gona. An bi shawararta. Birazil ta zama ƙasar da ta fi kowace noman waken suya a duniya, kuma kusan dukkansa ana noma shi ne ba tare da yuriya ba, abin da ke rage wa manoman ƙasar kashe biliyoyin daloli a kowace shekara.

A shekarar 2025 aka ba Mariangela Hungria, wadda ta yi aiki a ƙarƙashin Döbereiner kuma take bincike a hukumar Embrapa ta ƙasar, lambar yabo ta abinci ta duniya saboda wannan aiki. Cikin abin da ta nuna akwai cewa ko a gonar da aka daɗe ana shuka waken suya, sake shafa wa iri ƙwayoyin a kowace shekara yana ƙara amfani. Ita da abokan aikinta sun kuma fito da wata ƙwayar mai suna Azospirillum, wadda ake amfani da ita ga masara da alkama. Wannan ta fi taimakawa ne wajen yawaita saiwoyi, kuma tana rage yawan takin da masara ke buƙata ne kawai, ba ta ɗauke buƙatar.

An gwada wasu nau'o'in ƙwayoyin Birazil ɗin a kan wake a arewacin Gana, tare da cibiyar binciken noma ta Nyankpala da ke kusa da Tamale, kuma an ga ƙarin amfani a gonaki da dama, abin da ya sa masana suka sake duba tsohuwar fahimtar cewa wake ba ya buƙatar a shafa masa komai.

Funfunar da ke ƙara wa saiwa tsawo

Hulɗa ta biyu ta fi ta raizobiyam yaɗuwa, domin ta shafi mafi yawan tsirran da ke doron ƙasa. Wata irin funfuna ce, wadda masana ke kira maikoraiza, take shiga cikin saiwa, sannan ta baza zaruruwan da suka fi gashin saiwa siranta zuwa inda saiwar ba ta kaiwa. Sinadarin fosfaras ba ya tafiya da ruwa a cikin ƙasa kamar naitirojin, yana maƙale a inda yake. Zaruruwan nan su ne ke zuwa su ɗauko shi, tare da wasu sinadarai kamar zink, shuka kuma ta biya da sukari.

Albasa da tafarnuwa, waɗanda saiwoyinsu kaurara ne marasa gashi sosai, sun dogara da wannan funfuna ƙwarai, haka ma rogo da masara. Kabeji da alayyafo kuwa ba sa hulɗa da ita, saboda haka wanda ya saya domin su ya yi asara.

Wannan hulɗa tana da alaƙa da wata tsohuwar annobar gero da dawa. Idan shuka ta ji yunwar fosfaras, saiwarta na fitar da wani sinadari domin kiran funfunar, kamar yadda wasu masana na Japan suka tabbatar a 2005. Irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana kwance a cikin ƙasa shekara da shekaru yana jiran wannan kiran. Da ya ji shi sai ya tsiro ya kama saiwar. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji, kamar yadda manoma suka daɗe da lura, kuma ya sa zuba taki ke rage masa kaifi.

Ana sayar da wannan funfuna a kasuwa, musamman a Turai da Amurka. Amma wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya gwada irin waɗannan kayayyaki daga Turai da Ostareliya, ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 ba su kama saiwa ba ko da a ƙasar da aka kashe duk wata halitta da ke cikinta domin a ba su fili. A galibin lambuna ma funfunar tana nan tun asali. Abin da ke rage ta shi ne barin ƙasa tsirara tsawon lokaci, da yawan kifar da ita da garma, da kwanciyar ruwa, da kuma zuba takin fosfaras fiye da kima. Inda saye ya fi yin ma'ana shi ne wurin renon dashe, da filin da aka kankare samansa.

Ruwan EM da takin bokashi

Abin da ya fi shahara a wurin masu ƙananan lambuna a faɗin duniya shi ne wani ruwa mai tsami da ake kira EM, wanda Farfesa Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus da ke tsibirin Okinawa a Japan ya haɗa a farkon shekarun 1980. Ya ƙunshi ƙwayoyin bakteriya irin na kindirmo, da yis, da wasu masu amfani da hasken rana. Ana tsarma shi da ruwa da ruwan rake a yi feshi, ko kuma a kwaɓa shi da dusa a zuba a kan sauran abinci da ɓawon kayan miya a cikin bokiti mai murfi. Bayan mako biyu abin zai yi tsami ba tare da ɗoyi ba, sai a binne shi a lambu. Wannan ne ake kira bokashi.

A matsayin hanyar sarrafa sharar kicin, bokashi yana aiki, kuma yana rage wari da ƙuda. Inda ake taƙaddama shi ne iƙirarin cewa ƙwayoyin da ke cikin ruwan suna sauya yanayin ƙasa. Wasu masana a Suwizalan sun yi gwaji na shekara huɗu a fili, suka wallafa sakamakon a 2010. Sun raba ruwan EM da bokashi gida biyu, suka dafa rabi har ƙwayoyin suka mutu, suka bar rabi da rai. Amfanin gonar bai bambanta ba. Ɗan ƙarin da aka samu ya fito ne daga dusa da sauran abin da aka haɗa, wato daga takin.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Cokalin ruwan da aka zuba a kwami yana tarar da biliyoyin 'yan gida da suka saba da zafin wurin da abincinsa, kuma baƙin ba sa daɗewa. Raizobiyam ya tsira daga wannan gasa ne saboda shuka tana gina masa ɗaki ta rufe shi a ciki.

Akwai wasu da suka yi nasara ta hanyar cin gasar da gangan. Garin Aflasafe, wanda IITA ta samar tare da ma'aikatar noma ta Amurka aka kuma yi masa rajista a Najeriya a 2014, ƙwayar dawa ce da aka gasa aka shafa mata wata funfuna marar dafi. Ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, sai ta mamaye gonar ta hana 'yar'uwarta mai fitar da dafin afalatoksin samun wuri. Gwaje-gwaje sun nuna dafin na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wannan dafi yana lalata hanta, kuma a 2004 ya hallaka mutum 125 a Kenya. Aflasafe dai ba taki ba ne, ba ya ƙara yawan amfani. Lafiyar abin da aka girbe yake karewa.

Abin lura ga mai saye

Duk wanda ya sayi taki mai rai, halitta ya saya, kuma tana iya mutuwa kafin ta isa gona. Ledar da ta yi wata biyu a rumfar kwano a watan Afrilu, ko ta wuni a bayan mota cikin rana, mai yiwuwa gari kawai ya saura a cikinta. Binciken da aka yi kan irin waɗannan kayayyaki a kasuwannin ƙasashe daban-daban ya sha gano cewa da yawa ba su ɗauke da ƙwayar da aka rubuta a jikinsu, wasu ma gurɓatattu ne da wasu ƙwayoyin dabam.

Malaman gona kan ba da shawarar a duba abubuwa uku a jikin leda: sunan ƙwayar, da amfanin gonar da aka yi ta dominsa, da ranar lalacewa. Kayan da aka rubuta cewa yana yi wa kowace shuka kowane irin magani abin tuhuma ne. A ajiye ta a wuri mai sanyi, ko da gindin randa ne.

Wajen shafawa, ana ɗan jiƙa iri da ruwan ƙaro ko ruwan sukari domin garin ya kama, a zuba a juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa na ɗan lokaci, a shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Hasken rana kai tsaye yana kashe su, haka ma cuɗa su da takin zamani a ƙwarya ɗaya. Wasu magungunan da ake shafa wa iri domin kashe funfuna su ma suna cutar da su. Kuma idan aka zuba wa waken suya yuriya da yawa, shukar takan daina gina ƙullutai, domin ta sami na banza.

Ciyar da waɗanda ke nan

Ga mai lambun tumatir, albasa, latas da alayyafo, waɗanda ba dangin wake ba ne, abin da ya fi tasiri shi ne abincin ƙwayoyin da ke cikin ƙasarsa. A yankin savana da Sahel zafi yana sa su cinye duk abin da aka zuba cikin hanzari, shi ya sa ƙasar yankin ba ta tara ruɓaɓɓen abu, kuma a gonaki da yawa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Ƙona kara da ciyawa bayan girbi yana ƙara dagula lamarin, domin naitirojin ɗin da ke ciki yana bin hayaƙi.

Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin haka. Masanin nan ɗan Ingila Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki da toka, abin da ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A jihar Tawa ta Nijar kuwa, ramukan tassa da ake zuba wa tafin hannu biyu na taki suna jawo gara, wadda ke huda ƙasar da ta yi tauri ruwa ya samu shiga, kuma da wannan dabara aka farfaɗo da filaye masu yawa da suka zama faƙo. Matsalar sharar birni a yau ita ce leda, da fasassun kwalabe, da tsofaffin batura, waɗanda dole a tsince kafin a kai lambu.

Haɗa takin gida a rami ya fi dacewa da wuri mai zafi da iska, domin tsibi yana saurin bushewa. Ana jera busassun abubuwa kamar yankakken kara, ƙaiƙayi ko buntu, a bi da ɗanyu kamar kashin dabbobi da ɗanyar ciyawa, ana yayyafa ruwa da ɗan tsohon taki ko ƙasar lambu, wanda shi ne ke kawo ƙwayoyin, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Laimar da ake so ita ce idan an matse a hannu a ji danshi amma ruwa bai zuba ba. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar za ta yi zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe irin ciyawa da akasarin ƙwayoyin cuta. Ana juyawa duk bayan mako biyu, kuma cikin wata biyu zuwa uku takin yakan nuna, ya yi baƙi, ya riƙa ƙamshin ƙasa.

Wannan zafi yana da muhimmanci ga lafiyar jama'a. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke jawo gudawa, kuma zuba shi a kwamin latas, kabeji ko karas da za a ci ɗanye hatsari ne. Ƙa'idar noma ba da takin zamani ba a Amurka ta tanadi kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa.

Shin za a iya barin takin zamani?

Masu tallan taki mai rai sukan ce takin zamani yana kashe ƙasa. Gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a yankin, kamar na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya wanda aka fara a 1950, da na Saria a Burkina Faso daga 1960, da na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, sun nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Filin da ake zuba wa takin naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru yakan yi tsami, amfaninsa ya riƙa ja da baya. Amma filin da ya fi kowanne amfani, kuma ya ɗore, shi ne wanda aka haɗa masa takin zamani da takin dabbobi ko karan da aka bari a gona. Wanda ba a zuba wa komai ba shi ne na ƙarshe.

Ƙwayoyin halitta suna iya kamo naitirojin daga iska, amma ba sa ƙirƙirar fosfaras ko fotash; abin da ke cikin ƙasa kawai suke kwancewa su miƙa. A nahiyar da, lokacin taron shugabanni kan taki a Abuja a 2006, matsakaicin abin da ake zubawa bai wuce kilo 8 na sinadari a hekta ba, matsalar yawancin gonaki ƙarancin taki ne na kowane iri.

Ƙasar Siri Lanka ta gwada ɗaya hanyar. A watan Afrilun 2021 gwamnatinta ta haramta shigo da takin zamani baki ɗaya, ta umarci manoma su koma ga takin gargajiya da taki mai rai nan take. Noman shinkafa da na ganyen shayi ya faɗi, ƙasar ta koma sayen shinkafa daga waje, kuma a watan Nuwamba na shekarar gwamnati ta janye haramcin.